Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Akwai mata a ƙauyukan Kano da Jigawa, har cikin Nijar, da suka san muryata kamar ta maƙwabciyarsu, amma da za mu haɗu a kasuwa ko kallo ban ishe su ba. Ni ce matar nan da ke cewa a waya, "Salamu alaikum 'yan'uwana mata, ku ara min kunnuwanku na minti biyar." In kin taɓa jin wannan saƙo, to ni ce. A wani ɗaki da ke ƙarƙashin coci a Harlem aka ɗauke shi, wata ranar Asabar, ina sanye da rigar sanyi biyu, bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa kamar ana gyaran mota. Sau bakwai muna sakewa saboda ƙarar nan.

Kafin in zo New York, shekara goma sha ɗaya na yi ina karɓar haihuwa a asibitin garinmu. Hannun nan nawa ya karɓi jariran da ban san adadinsu ba, ya kuma rufe idon matan da har yau ina tuna fuskar kowace. Da na zo nan aka ce takardata ba ta aiki sai na koma makaranta. Ni da yara biyu a gaba, ga maigida ba lafiya, ina na ga ta makaranta? Sai na shiga aikin kula da tsofaffi. Maigidan ya rasu, Allah ya jiƙansa, yaran suka girma, ni ina nan a aikin. Wata tsohuwar Baturiya nake kula da ita a unguwar St. George, can ƙetaren ruwa, in yi mata wanka, in dafa mata, in ba ta magani, in saurari labarin mijinta da na haddace kamar karatun allo. Daga gidanmu a unguwar Soundview ta Bronx sai na hau bas, na hau jirgin ƙasa, sannan na hau jirgin ruwa. Tafiyar kusan awa biyu ce, zuwa kawai.

Wadda ta jawo ni cikin harkar wayar da kai wata nas ce 'yar Kafanchan, Kirista, tana aiki a wani asibiti a nan Bronx. Sista nake ce mata. A wani shagon kayan miya na Harlem muka haɗu, mun kai hannu tare kan ƙullin daddawar da ta rage. Na ce na riga ta, ta ce ƙarya nake. Da Hausa ta faɗa, tsaf, har da harara. Muka kwashe da dariya, muka raba daddawar biyu. Matar nan bakinta ba linzami, abin da ke cikinta shi ne a harshenta. Da ta ji aikin da na yi a gida sai ta ce, "Ke ungozoma guda, kina nan kina yanke wa tsohuwa farce, mata na mutuwa a garinku? Ranar Asabar ki zo, in ba ki zo ba ni zan zo in ɗauke ki."

Na je. Mu goma sha wani abu ne, matan Najeriya da Gana da Nijar da Saliyo, kowace da gawar da take ɗauke da ita a zuci, wata yayarta, wata ƙawarta, wata uwarta. Muna rubuta takardu, muna tattara safar hannu da na'urar awon jini mu aika gida. Wani lokaci a gayyace mu manyan ɗakunan taro na tsakiyar Manhattan, inda masu kwat ke kurɓar shayi suna nuna hotunan matanmu a bango. Wallahi wani zubin raina ɓaci yake yi. Ka ga mutum bai taɓa jin ƙarnin jinin haihuwa ba, amma ya fi awa yana bayani. Sista takan taka min ƙafa ta ce in haɗiye, su ke da abin da muke nema.

Ni aikina murya ne. Na ce musu matan garinmu ba su karanta takarda, amma ba wadda ba ta sauraron saƙon waya, ko a wayar mijinta ko ta maƙwabta. Sai na zauna na tsara magana irin wadda nake yi wa masu zuwa awo. Na ce mai ciki in ta ga fuskarta da hannunta sun kumbura, kada ta yarda a ce mata ƙiba ce ko tagwaye ne. In kanta yana sarawa ya ƙi jin magani, in tana gani dishi-dishi, in tana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama, to jininta ne ya hau, kuma abin da ke biyo baya jijjiga ce. Na ce kada ta jira ranar awo, kada ta jira maigida ya dawo daga kasuwa, ta yafa mayafi ta tafi. Na yi maganar tazarar haihuwa ma, na ce jikin mace ba gona ba ce da za a yi ta shuka ba hutu. Kan wannan na sha zagi daga maza, har wani ya aiko yana tambaya ko ina da mai tsawata min. Na ce a faɗa masa wanda ya isa ya tsawata min yana kabari, shi kuwa bai kai ba.

Saƙon ya yi tafiya fiye da tunaninmu. Aka riƙa tura min shi ni kaina daga wasu garuruwa, ana cewa in saurara, akwai amfani. Wata mata daga wajen Maraɗi ta aiko tana kuka, ta ce saboda shi ta kai ƙanwarta asibiti, yanzu ga ta ga ɗanta. Ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

To, ina da 'ya. 'Yar fari.

Kun san yadda muke da ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba. Ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yi mata wasa ba, in tana kuka sai in kau da kai har wani ya ce, "Haba, ba ta nono mana." Ba wanda ya tilasta min. Haka uwata ta yi wa yayata, haka na ga ana yi, kuma har ga Allah ina jin daɗin a ce ni mai kunya ce. Da aka yaye ta sai Yaya, wadda nake bi, ta ɗauke ta, don ita Allah bai ba ta haihuwa ba. A hannunta ta tashi. Yaya take kira Umma, ni kuwa Anti. In zan yi maganarta sai in ce "yarinyar nan" ko "'yar Yaya". Da tafiyarmu Amurka ta taso, maigida ya ce mu tafi da ita. Na ce da wane ido zan kalli Yaya in ce ta ba ni? Muka tafi da ƙannenta maza biyu, waɗanda nake kwaɗa wa kira da sunansu sau ɗari a yini, su amsa min da Turanci. Ita muka bar ta tana 'yar shekara goma sha biyu, tana tsaye a bakin zaure, ko hannu ban ɗaga mata ba.

Kada wani ya ce ba na son ta. Duk cikin 'ya'yana ba wanda nake kwana da shi a rai kamarta. Hotonta na gama makaranta yana cikin jakata, a bayan katin jirgi, inda ba mai gani. Ta yi karatun koyarwa, ta auri wani malamin makaranta da ta zaɓa da kanta, yaro mai hankali. Lambar wayarta tana cikin wayata, amma ban taɓa danna ta ba. Kullum ta wajen Yaya muke gaisawa. Yaya ta miƙa mata waya, ta ce, "Anti ina wuni," in ce, "Lafiya lau, ya gida?" ta ce, "Lafiya lau." Shi ke nan, sai Yaya ta karɓa mu ci gaba da hirarmu.

Wata Lahadi Yaya ta ce min, tana dariya ƙasa-ƙasa, "'Yar taki dai kwanan nan ba ta da abinci sai kwaɗon zogale da tsami."

Na gane ciki ne, murna ta cika ni. Abin da na ce kawai, "To, Allah ya raba lafiya."

Tun daga ranar na shiga lissafin watanni a zuci. Na ce wa Yaya lallai ta fara zuwa awo, ta ce tana zuwa, duk ranar Alhamis ta farkon wata. Na tura wa Yaya saƙon nan nawa na ce ta kunna mata. Ta ce ai sun daɗe da shi, ko a gidan suna sai an kunna, mata har kwaikwayon muryata suke yi. Hankalina ya kwanta. A raina na ce, ga shi duk abin da zan faɗa mata na faɗa, ba tare da na buɗe baki na yi rashin kunya ba. Har ina yaba wa kaina dabara.

Da cikin ya shiga wata takwas ta dawo gidan Yaya goyon ciki. Ni kuma na nemi hutu a wajen aiki, na shirya zan je suna. Na cika akwati da kayan jarirai. Na sami wata mai tafiya Kano na ba ta saƙo ta kai wa yarinyar, atamfa biyu da awarwaro guda huɗu da na saya a Harlem. A kan saƙon sunan Yaya na rubuta.

Ranar wata Lahadi da hantsi, ina kicin ina yanka kuɓewa, Yaya ta kira ni ta bidiyo. Can su la'asar ta yi. Ta ce saƙo ya iso, an gode, ga 'yar nan za ta yi godiya. Ta juya wayar.

Tana zaune a kan tabarma, ta jingina da bango, ta sunkuyar da kai. Ta ɗaure goshinta da ɗankwali tamau. Da ta ɗago ta ce "Anti na gode," sai na ga idanunta sun shige ciki, fatar idon ta yi luhu-luhu, hancinta ya baje. Yarinyar nan siririyar fuska gare ta, irin ta mahaifinta. Wannan fuskar da nake kallo na san ta, na sha ganinta a kan gadon asibiti.

Yaya ta ce daga gefe, "Awarwaron naki dai sun ƙi shiga. Har sabulu muka sa. Ta yi ƙiba abinta, ni na ce ko biyu ne."

Wuƙar tana hannuna. Tambayar ta zo min har bakin leɓe: kanki yana ciwo? Kalma uku. Na yi wa mata dubu wannan tambaya, matan da ban san su ba, na riƙe hannunsu na matsa na ga ko yatsa zai lotsa. Amma ga 'yar da na haifa, ga Yaya a zaune, ga muryar wasu mata ina ji a tsakar gidan. In tambayi 'yar fari lafiyar cikinta a gaban mutane? Na haɗiye tambayar.

Na ce, "Ba komai. Allah ya yi albarka."

Ta ce, "Amin," ta mayar da kai ƙasa.

Da Yaya ta koma ɗaki na ce mata, "Yaya, kumburin nan bai yi min ba. A kai ta a auna jininta."

Ta ce, "Ai ranar Alhamis ne awonsu, saura kwana huɗu. Kuma ina ba ta maganin zaƙi, zai sauka."

"Ki tambaye ta ko kanta na ciwo."

Na ji ta ɗaga murya ta tambaya, na ji an amsa daga nesa. Ta ce, "Ta ce lafiyarta ƙalau. Ke dai kin cika tsoro, aikin asibitin nan ya ɓata ki. Mu da muke tare da ita ba mu ga komai ba sai ke daga Amurka?"

Yaya ce. Ita ta yi wahalarta, ita ta yi jinyar ƙyandarta, ita ta aurar da ita. In na matsa, kamar ina cewa ba ta iya riƙo ba ne. Na ce to, Allah ya kai mu Alhamis ɗin.

Kuɓewar nan ban dafa ta ba. Na kira Sista na faɗa mata abin da na gani. Ba ta bari na gama ba.

"Kin tambaye ta?"

"Yaya ta tambaye ta."

"Ban ce Yaya ba. Ke, da bakinki."

"Sista, 'yar fari ce."

"To sai me? Hawan jini ya san 'yar fari? Ki kira yarinyar nan yanzu, ki ce ta tashi ta tafi asibiti. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Raina ya ɓaci, don na san gaskiya ta faɗa. Na ce mata ita ba za ta gane ba, su ba su da wannan a al'adarsu, kowa da irin tarbiyyar gidansu. Maganar banza dai, irin wadda mutum ke yi in an taɓa masa inda ke ciwo. Sai ta ce, "Inuwar giginya ce ke, wallahi. Na nesa ka sha." Ta kashe wayarta.

Washegari Litinin, a cikin jirgin ruwa, na fito da wayar. Na zauna ta wajen taga, na nemo lambar. Na kalle ta tun daga tashi har muka wuce rabin ruwa. Ni da na tsaya gaban ɗaruruwan mutane na yi magana ban ji ɗar ba, ga lamba ɗaya ta gagare ni dannawa. Daga ƙarshe na danna.

Ta ɗauka da sauri, muryarta a tsorace. "Anti? Lafiya?"

"Lafiya lau. Ya gida?"

"Lafiya lau."

"Ya... ya jikin?"

"Alhamdu lillahi."

Ina jin numfashinta, tana jin nawa. Injin jirgi yana ta gurnani a ƙarƙashin ƙafata.

Na ce, "Saƙon nan da na tura wa Yaya, na murya, kin saurara?"

Ta ɗan jinkirta. "E."

"To, ki kiyaye abin da ke ciki."

"To, Anti."

"Sai an jima."

Minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, wayar ta nuna min. Wannan ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ni da ita mu biyu. Na sauka a St. George ina jin kamar na sauke kaya. Na ce ai ta saurara, mai ilimi ce, in da ciwon kai da ta gane. Har na tura wa Sista saƙo na ce na kira.

Ranar Laraba da hantsi ina yi wa tsohuwata wanka, wayata ta yi ta ruri a aljihun riga. Ban iya ɗauka ba sai da na naɗe ta a tawul na zaunar da ita. Mijin yarinyar ne. Bai taɓa kirana ba shi ma. Ya ce, "Anti, ta faɗi. Tana alwalar la'asar ta faɗi tana jijjiga, ta ciji harshenta. Muna cikin a-daidaita-sahu."

Na tsaya a banɗakin Baturiya, hannuna duk kumfa, ina ba shi umarni kamar ina bakin aiki. A kwantar da ita ta gefen hagu. Kada a sa mata cokali a baki. Kada a ba ta ruwa. In kun isa ka ce musu jijjigar masu ciki ce, ka faɗa da ƙarfi. Duk maganar da ta ƙi fita ranar Lahadi ta zo tana zuba, ba kunya ba komai. Tsohuwar tana kallona, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma sai ta kama hannuna ta riƙe.

Sun yi mata tiyata, suka ciro 'ya mace, ƙarama, aka sa ta a kwalba. Ita kuwa ba ta farfaɗo ba. Likita ya ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwarta. Ranar Alhamis, ranar awon, ta cika. Ina filin jirgin sama da akwatin kayan jarirai aka faɗa min. Kafin in sauka a Kano an riga an kai ta.

Ranar sadakar uku, da mutane suka ragu, na shiga ɗakin da ta zauna. Awarwaron suna kan taga, guda huɗu, da busasshen sabulu a jikinsu. Yaya ta shigo ta zauna a bakin gado. Ta tsufa a kwana uku. Ta ce mijin ya faɗa mata, tun ranar Juma'a yarinyar take fama da ciwon kai, shi ya sayo mata magani a kemis, ta roƙe shi kada ya faɗa wa kowa, kada a ce ta cika raki a cikin fari.

Na ce, "Amma Yaya, ta ji saƙon. Ciwon kai shi ne abu na biyu da na faɗa. Ta ce min ta saurara."

Yaya ta dube ni. Ta ce, "Wane saƙo? Ai ba ta taɓa tsayawa ta ji shi ba. Da an kunna, ta ji muryarki, sai ta tashi ta bar wajen. Ko a gidan suna haka take yi, har tsokanarta ake yi. Ta ce ita ba za ta iya zama tana jin Anti tana maganar ciki da haihuwa ba, kunya take ji."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk matan garin nan sun ji, har masu tallan ƙosai sun haddace. Mutum ɗaya ce ba ta ji ba, kuma don muryata ce. Da wata ce ta yi saƙon, da Sista ce da Hausarta ta Kafanchan, da ta zauna ta saurara har ƙarshe. Kunyar da na koya mata tun tana cikin zani, ita ta mayar min, ba ta rage komai ba. "E" ɗin da ta ce min a waya ma ladabi ne.

Ban yi kuka a gaban mutane ba. Ko a nan ma an yaba min, ana cewa dubi uwar, ko gezau, 'yar fari ce ai. Ji nake kamar in kurma ihu in ce su daina yabona, wannan halin ne ya kashe ta.

Na san ajali ne. Na yi imani da ƙaddara, kada wani ya zo ya yi min wa'azi, na yi wa kaina ya fi sau dubu. Amma na kuma san abin da allurar hana jijjiga take yi in an ba mace da wuri, da hannuna na sha yi. Tsakanin Lahadi da Laraba kwana uku ne cur. Asibitin kuwa tafiyar minti ashirin ce daga gidan Yaya.

Da na dawo Soundview, maƙwabtana matan Kumasi suka yi ta shigowa da kwanukan shinkafa da wake, matan Nijar suka zo suka yi min addu'a. Sista ta zo ta zauna a gefena yini guda. Matar da ba ta iya shiru, ranar ko kalma ba ta ce ba, sai wanke-wanke da ta tashi ta yi. Har yau ba ta taɓa ce min "ai na faɗa miki" ba. Na so ta faɗa, da na sami wanda zan yi wa faɗa.

Bayan wata shida aka gayyace mu wani taro a Manhattan. Mai shirya taron, wata Baturiya mai kirki, ta ji labarina, ta ce in zan iya in ba da shi. Kafin mu shiga ta zaunar da ni da takarda a hannu tana tambaya. Asibiti ya yi nisa? Na ce a'a. Ba likita? Na ce akwai. Mijin ne ya hana ta zuwa? Na ce yaron nan da a bayansa ma zai goya ta. Ba ta yi makaranta ba? Na ce malama ce. Ta riƙe alƙalami tana kallona, ba ta san a wane layi za ta sa ni ba. Duk abubuwan da ta lissafa gaskiya ne, suna kashe mata kullum, na gani da idona. Amma tawa ba su suka kashe ta ba. Na ce mata, "Uwarta ungozoma ce, ta ga alamar, ta kasa tambaya." Ta ce ba ta gane ba. Na ce ni ma da na gane, ga inda ya kai ni. Ban hau dandamalin ba ranar, Sista ce ta yi magana a madadinmu.

Asabar ɗin da ta biyo na koma ɗakin nan na ƙarƙashin coci na ce a sake ɗaukar saƙon. Komai na bar shi yadda yake, sai a ƙarshe na ƙara magana da iyaye mata. Na ce in 'yarki tana da ciki, ko ta fari ce, ki zaunar da ita ki kama hannunta ki duba, ki tambaye ta da bakinki. Na ce ni na yi kunya, ga shi ina da kunyata ba ni da 'yata. Sau ɗaya muka ɗauka, don ba zan iya maimaitawa ba. An ce wasu tsofaffi sun yi tir, sun ce Amurka ta cire min kunya. Su faɗa.

Jaririyar ta rayu. Mahaifinta ya mayar mata da sunan uwarta, Yaya kuma ita ke riƙon ta. A gidan ba mai iya furta sunan, sai suka sa mata laƙabi, kowa da shi yake kiranta. Ni na ce ban yarda ba, da sunanta zan kira ta. Ranar da na fara gwadawa tana wata huɗu, Yaya ta kara mata waya a kunne. Na buɗe baki, sunan ya fito a karkace kamar kalmar wani yare. Shekara ashirin da shida yana cikin bakina ban taɓa jin yadda yake a muryata ba. Yaya ta fashe da kuka, ta ajiye wayar.

Yanzu shekararta uku. Ba na jiran Lahadi, kusan kullum sai na kira in na shiga jirgin ruwa da safe, lokacin su sun ci abincin rana. Yaya ta miƙa mata waya, in kira sunan, cikakke, da ƙarfi, har na kusa da ni su waiwayo.

Ta ce, "Na'am, Kaka."

In ce, "Kanki yana ciwo?"

Sai ta yi dariya, don ta ɗauka wasanmu ne ni da ita. Ta ce, "A'a!" ta jefar da wayar a kan tabarma ta ruga wajen wasanta. Ni kuma in zauna da waya a kunne, ina jin ƙarar tsakar gidan Yaya, har jirgin ya tsaya.